Wayata ta faɗa mini ƙarshen wasa kafin in ba Baba Hamani amsa

Inna Saude, don Allah ki taimake ni, kuma idan da hali kafin ran Asabar 26 ga wannan wata.

Abin ya faru ran Lahadi 13 ga Yuli 2025, da ƙarfe takwas da minti goma sha biyu na safe, a bakin ƙofar buronmu, wato ofishinmu, a Malbaza. Na san lokacin daidai domin ƙarfe takwas nake duba ma'aunin ruwan sama. Na rubuta milimita goma sha huɗu a kaye, wato littafin rubutu, na zauna a kan benci, na ciro waya. Ba kowa a wurin sai ni. Abin da na gani bai wuce daƙiƙa shida ba, ko bakwai, amma yau kwana biyu ke nan ban ci abinci da daɗi ba.

Bari in koma baya, don ki gane. Bara na gama karatun aikin gona, yanzu ina bautar ƙasa, aikina tattara lissafin ruwan sama na wasu ƙauyuka. Ni ɗan Ƙonni ne. Ina buga eshek, wasan allon nan mai gida sittin da huɗu, da sarki da sarauniya da dawaki da hasumiyoyi da sojoji. Muna da ƙungiya a Ƙonni, muna haɗuwa kowace Asabar bayan la'asar a rumfar bayan shagon ɗinkin Mati. Mati ne mai ajiye alluna, shi ne kuma alƙalinmu. Wasu daga Illela suke zuwa, wasu daga Badagishiri, ni daga Malbaza a kan babur.

Wanda ya koya mini wasan shi ne Baba Hamani, tsohon likitan dabbobi da aiki ya kawo Ƙonni tun kafin a haife ni, ya yi ritaya ya zauna. Shekarunsa sittin da bakwai. Shekara goma sha ɗaya yana zaunar da ni yana nuna mini, bai taɓa gajiya ba. Da na tafi jami'a, allon katakonsa na biyu ya ba ni.

A da ba mai ja da shi. Amma shekara uku ko huɗu ke nan abubuwa sun canza, tun da muka fara shirya wasa da na'urar da ke cikin waya. Mu huɗu ne masu ƙarfi a ƙungiya: shi, da ni, da Ƙasimu, da Isiyaku. Mu ukun duk muna zama da waya a gida, tana nuna mana motsin da ya fi kyau a buɗin wasa, muna haddacewa. Wannan ba laifi ba ne, kowa ya sani, a ko'ina haka ake yi. Sai dai idan na zauna da Ƙasimu, motsi goma sha biyar na farko kamar karatun hadda muke yi wa juna. Na duba tsofaffin kayen Mati na ƙirga. Daga 2018 zuwa 2020, cikin wasa sittin da aka rubuta tsakanin mu huɗu, tara ne suka ƙare canjaras. Daga 2023 zuwa yanzu, cikin hamsin da takwas, ashirin da bakwai. Baba Hamani ƙaramar waya mai maɓalli gare shi, kuma ya ƙi a saya masa wata. Dabararsa ita ce ya yi wani baƙon motsi tun da wuri, wanda ba shi cikin haddarmu, ko da bai kai sauran kyau ba. Yakan yi dariya ya ce wayarmu ta buga nata da kyau, saura ya ga namu. Bara na huɗu ya zo. Bana ya farfaɗo.

Bana wanda ya zo na ɗaya a gasarmu shi zai wakilce mu a babbar gasa a garin Tawa. Mutum ɗaya ne kawai. Saura wasa guda, ni da shi. Ina da maki biyar da rabi, yana da biyar. Idan ya ci ni, shi ke tafiya. Idan na ci shi, ko muka yi canjaras, ni ke tafiya. Ya taɓa faɗa a gaban kowa cewa idonsa ya fara gajiya, wataƙila bana ce ta ƙarshe gare shi.

Muna da al'ada. Da an kira magariba a masallacin da ke tsallaken titi, wasa ya tsaya. Mati ya zana allon a kaye, mu biyu mu sa hannu, sannan kowa ya ɗora tafinsa a kan shafin ya yi alkawari ba zai jera wannan wasa a kan allo ba, ba kuma zai nuna wa wani mutum ba, har a dawo. Tunani a cikin kai an yarda da shi. Baba Hamani da Mati suka tsara haka tun 1998, lokacin ba wanda ya san irin wayoyin nan.

Ran Asabar 12 ga wata mun fara ƙarfe huɗu da rabi. Ni ke da farare. Da ƙarfe bakwai da minti tara ya yi motsinsa na arba'in da ɗaya, ya ɗago ya ce ko mu yi canjaras. Kafin in buɗe baki aka kira salla. Na ce zan ba shi amsa in mun dawo, Mati ya rubuta a gefen zanen cewa tayin yana nan tsaye. Asabar mai zuwa Mati zai je ɗaurin aure a Alela, shi ya sa aka sa 26.

Gaskiyar abin da ke zuciyata a lokacin: niyyata in ƙi. Na fi shi soja ɗaya, kuma na hango wani sojan da sarauniyata za ta ɗauka. Na ɗauka ni ke ci. Ban so a ce na tafi Tawa da canjaras ɗin da aka miƙo mini. Har na ji daɗi a hanya, Allah ya yafe mini.

Yanzu ga inda na ɓata. Bara Mati ya yi kuskuren gida ɗaya wajen zana wani soja a wasan Ƙasimu da Isiyaku, suka yi Asabar uku suna gardama. Tun daga nan an yarda kowa ya ɗauki hoton allo. Na ɗauka, amma duhu ya fara shiga rumfar, hoton ya fito dishi-dishi. Da safen Lahadi na kasa tantance ko sojansa na gefen hagu yana layi na biyar ko na shida. Sai na ce bari in jera su a allon cikin waya in gwada da abin da na tuna. Ba zan ce ban yi ɗar ba. Na tsaya kaɗan, na ce wa kaina ai ba nazari zan yi ba, ajiya ce kawai, kuma na'urar a kashe take. Ni na kashe ta da hannuna tun watan Mayu da aka fara gasa. Abin da ban sani ba shi ne manhajar ta sabunta kanta ran Juma'a, ta koma yadda take tun farko. Na duba daga baya, ranar tana rubuce.

Ina ajiye soja na ƙarshe, sai koriyar kibiya ta fito a kan allon, da lamba a sama: huɗu da ɗigo bakwai, da alamar ragi a gabanta. Ga wanda bai sani ba, ma'anarta kamar a ce yana gabana da kusan soja biyar. Tsakanin mutane irinmu wannan an gama ke nan, in dai ya ga hanyar. A ƙasa akwai jerin motsi. Na karanta uku kafin in kife wayar. Na farko nawa ne, sarkina ya matsa lungu. Na biyu nasa ne, dokinsa ya koma baya har bakin allo, motsin da ko a mafarki ban duba ba. Na uku na tuna shi amma ba shi da muhimmanci. Na goge wasan daga wayar nan take. Daga kaina ne na kasa gogewa. Kafin azahar na gano da kaina abin da ya sa dokin ke komawa: hanya yake buɗe wa hasumiyarsa. Na kuma gano cewa sojan da na so ɗauka tarko ne, da na taɓa shi cikin motsi biyar an rufe sarkina.

To ga ni nan. Idan ran 26 na miƙa hannu na ce na karɓi canjaras, ba wanda zai taɓa sani. Ba motsi ba ne balle a ce ya yi kama da na na'ura. Shi ya yi tayin da bakinsa a gaban shaidu. Sai dai ni na san da ban ga lambar nan ba da ƙi zan yi. Idan kuma na ƙi, wane motsi zan yi? Idan na matsa sarki lungu, na waya na buga. Idan na ɗauki sojan, na san da gangan na shiga tarko, ina zaune gabansa ina yi kamar ban sani ba. Na gwada neman motsi na uku wanda yake nawa ni kaɗai, na rasa, domin kowanne na duba da lambar nan nake auna shi.

Akwai muryar da ke ce mini ina wahalar da kaina a banza. Ƙasimu ya taɓa cewa, cikin wasa, duk wanda ya ce bai taɓa leƙa waya ba a makon hutun wasa, to cajinsa ne ya ƙare. Aka yi dariya. Alkawarin ma allo ya ce da mutum, bai ambaci waya ba. Amma ni ba haka nake ba, Inna. A watan Yuni akuya ta ture ma'aunin ruwa a wani ƙauye, abokin aikina ya ce in kimanta da na ƙauyen da ke kusa, na ƙi, na rubuta ba a auna ba. Ya ce na cika tsanani. Wataƙila haka ne. Kuma ina son zuwa Tawa, ba zan ɓoye ba. Shekara uku nake shirya wa wannan.

Ban faɗa wa kowa ba. Ina tsoron idan na faɗa, Baba Hamani ba zai yi faɗa ba, shiru zai yi, shirun nan kuwa na fi jin tsoro.

Ga abubuwan da har yanzu ban sani ba:

1. Ban san ko ya ga komawar dokin ba.
2. Idan bai gani ba, ban san ko zai gan ta cikin mako biyun nan ba. Yakan gani.
3. Ban san dalilin tayin ba. Wataƙila ya ɗauka shi ke faɗuwa, canjaras kuwa zai bar shi na biyu maimakon na uku a bayan Ƙasimu. Wataƙila gajiya ce. Wataƙila kuma ya ga komai, ya ga shi ke ci, ya zaɓi ya bar mini Tawa.
4. Ban san ko da na gano tarkon da kaina kafin 26 ba. Ina da kwana goma sha huɗu na tunani. Yanzu ba yadda za a gwada.
5. Ban san hukuncin da Mati zai yanke ba, domin ba a taɓa kawo masa irin wannan ba.
6. Ban san ko ni kaɗai ne ba.

Mai auna ruwa, Malbaza, Talata 15 ga Yuli.

AMSA

Ɗana mai auna ruwa,

Ka fara cin abinci tukuna. Ba ka kashe kowa ba, kuma wanda ya tsara zamba ba ya zama ya ƙirga daƙiƙoƙin da ya yi yana kallon waya.

Ni ban iya eshek ba, amma na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma ina ganin abu biyu ne ka cakuɗa. Fitowar kibiyar ba laifinka ba ne. Ka kashe na'urar, ta kunna kanta, ka kife wayar, ka goge. Wannan tsautsayi ne. Jera wasan kuwa naka ne. Allon cikin waya allo ne, kai ma ka sani, shi ya sa ka yi ɗar kafin ka fara. Kada ka laɓe a bayan cewa tsofaffin nan ba su ambaci waya ba a 1998. Abin da suke nufi a fili yake: kowa ya dawo da abin da kansa ya ba shi. Ƙaramin saɓo ne, da niyya mai kyau, amma ya ja babban abu.

Zan yi maka adalci ta ɗaya gefen. Tayin nasa ne, ba ka roƙa ba. Mai yiwuwa ne ƙwarai da ka gano tarkon da kanka, tun da rabin yini kawai ka yi ka fahimci dokin. Son zuwa Tawa kuma ba abin kunya ba ne, ka yi masa aiki. Idan wani ya ce ka karɓa ka yi shiru, ba zan kira shi mugu ba. Amma kai ba za ka iya ɗaukar wannan ba. Mutumin da ya ƙi ƙirƙirar milimita don akuya ta ture ma'auni, zai je Tawa ya zauna gaban kowane allo yana tuna benci na Malbaza. Kuma kowace Asabar bayan nan Baba Hamani zai zauna gabanka yana maka dariyar nan tasa ta waya, kai kuma ba za ka iya tayawa ba.

Hanya ta biyu ma ban yarda da ita ba. Ka shiga tarko da gangan don ka biya laifi a ɓoye, wannan ma yaudara ce, kuma raini ne. Dattijon da ya ƙi babbar waya don yana so ya ci ku da kansa, me zai yi da nasarar da aka ajiye masa a hannu?

Ga abin da za ka yi. Kada ka jira 26. Cikin makon nan ka hau babur ka je gidansa da rana, ka gaishe shi yadda ka saba. Shi za ka fara samu, ba Mati ba, domin da shi ka ɗora hannu a kan shafin. Ka faɗa masa a taƙaice: hoto ya yi duhu, ka jera wasan a waya, na'ura ta kunnu ta nuna ra'ayinta, ka ga lamba da motsi uku. Kada ka kai masa lissafin canjaras na shekara shida, kada ka kai masa ranar da manhaja ta sabunta sai in ya tambaya. Ka ce ka yi kuskure, ka tsaya nan.

Ka lura da wannan da kyau: kada ka faɗa masa wanda na'urar ta ba gaskiya, kada ka ambaci doki. Idan ka faɗa, ka zuba masa abin da ya hana ka cin abinci, ka kuma ƙwace masa damar ganin motsin da idonsa. Ka ce masa kana riƙe da wannan har sai shi da Mati sun nema. Na canza sunaye da kwanaki kaɗan a wasiƙarka kafin a buga, amma mutanen rumfarku ba su da yawa, don haka ka riga jaridar nan isa gare shi.

Daga nan ku je wurin Mati tare, kafin ya tafi Alela. Hanyoyi uku nake gani. Ko a soke wasan a buga sabo daga farko a gama shi a yini ɗaya, ko a ba shi wasan, ko ya ce a ci gaba a haka yana sane. Kada ka zaɓa musu, kada ka yi ciniki. Ka shiga da shirin cewa Tawa ta bana tana iya kuɓuce maka. Ba zan yi maka alkawarin ba zai yi shirun da kake tsoro ba. Yana iya yi, na kwana biyu ko na wata. Ka ci gaba da zuwa gaisuwa. Shekara goma sha ɗaya ba sa rushewa a kan daƙiƙa bakwai da kai da kanka ka kai rahotonsu.

Bayan ƙura ta lafa, kai ne ya dace ka kawo gyara, tun da kai abin ya cije. Ku riƙa farawa da wuri, bayan azahar, a gama wasa ran da aka fara. Inda dole a ɗage, a ƙara waya da kwamfuta cikin alkawarin da sunansu, hoto kuma Mati ya ɗauka da fitila ya ajiye a wurinsa. Ka kawo shawarar ba tare da nuna kowa da yatsa ba. Maganar Ƙasimu ka bar ta a matsayin wasan da ya ce.

Jerinka na abu shida ya burge ni. Na biyar za ka san amsarsa a makon nan. Na ɗaya da na biyu allo zai nuna, in an ci gaba. Na huɗu ka rubuta masa abin da ka rubuta ran da akuya ta ture ma'auni, ka rufe kaye. Na shida ba aikinka ba ne. Na uku kuwa, kada ka taɓa tambayarsa. Idan kuskure ya yi, tambayar za ta kunyata shi. Idan kyauta ya yi maka, bai so ka sani ba, kuma hanyar gode masa ita ce ka mayar masa da ita ka ce kana so ku buga.

Allah ya sanyaya zuciyarsa kafin ka isa, ya ƙara wa idonsa haske, ya ba mai rabo Tawa. Kai kuma ya ba ka damina mai albarka da ma'aunin da akuya ba ta kai gare shi.

Inna Saude